Ranar da Hannuna Ya Taɓa Mota

Aminina ne ya ɓata mini suna a garin nan. Na tuƙa keke daga Potiskum har Yerwa a yini ɗaya, da ƙafafun nan nawa biyu, kuma shi ne shaidata. Da aka tambaye shi a gaban mutane sai ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi. Daga ranar aka laƙaba mini Kama-mota. Akwai waɗanda aka haifa bayan abin, sun girma har sun yi aure, ba su san ina da wani suna ba bayan wannan. Ni ba mai ilimi ba ne, a aji huɗu na bar elementare, amma ɗan rubutun da zai ishe ni in faɗi yadda aka yi ina da shi. Zan faɗa tun daga farko, har da daɗin da muka ji, don mun ji daɗi ƙwarai.

Sana'ata a lokacin sayen fata. Kawuna yana da rumfar fatu kusa da kasuwar shanu, ni ne mai bin kasuwannin ƙauye in haɗo masa. Yau Nangere, gobe Mamudo, wani lokaci har Gadaka. Kekena baƙi ne, irin na da mai birkin ƙarfe, in ka ɗaga shi sai ka yi nishi. Zan ɗaure fatun awaki a kariya har su wuce kaina, in taho cikin yashi, ƙudaje suna bina, karnukan kowane ƙauye suna raka ni har bakin na gaba. Ba wanda yake son ya bi bayana saboda wari. Ban san ƙarfi nake tarawa ba, ni dai abincina nake nema.

A unguwar Dogo Tebo akwai wani tsoho mai gyaran keke da kowa yake ce wa Baba. Rumfarsa tana gindin wata dalbejiya, da benci ɗaya, da kwano mai ruwa da yake neman huji da shi. A zamanin Turawa ya yi aikin kai wasiƙa a kan keke, kuma ya ce babu garin da ke tsakanin nan da Yerwa da bai kwana a cikinsa ba. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, keke ma yau ya ce "shi" gobe ya ce "ita", amma in ya saurari sarƙarka daga nesa zai gaya maka kwana nawa ka yi ba ka sa mata mai ba. Wata rana na kai masa faci, ya kama ƙwaurina ya matsa kamar mai sayen sa.

"Wannan ƙafa asara take yi," in ji shi. "Gobe bayan asuba ka zo. Kada ka zo da fatun nan naka."

Haka na shiga cikinsu. Mu bakwai ne, wani lokaci takwas, kowa da sana'arsa, ba wanda yake biyanmu, ba wanda ya aike mu. Abin da ya haɗa mu ɗaya ne. Baba yana da wani jan tuntu na fata da yake ɗaura wa mutum a kan kekensa, kuma ba ya ɗaura shi sai ga wanda ya tashi daga Potiskum bayan sallar asuba ya shiga Yerwa kafin a kira isha'i. Mil ɗari da arba'in da ɗoriya ke nan. Mutum uku ne kaɗai a garin suke da tuntun a lokacin. In ɗayansu ya wuce ta kasuwa yana kaɗa ƙararrawa, har mahauta sukan ɗaga wuƙa su gaishe shi. Ni tun ranar da na fara ganinsa na ji ina so.

Dokar Baba uku ce. Ba a tafiya sai mutum biyu, kowa shaidar ɗan'uwansa, kuma maganar shaida ita ce magana. In kun isa, akwai wani ƙanen Baba mai gyaran keke a Yerwa, shi zai rubuto takarda da ajami cewa kun shigo kafin isha'i. Ta uku ita ce babba: hannunka kada ya taɓa mota. Wanda bai san zamanin ba zai ce wace irin doka ce wannan. To, a lokacin kowane mai keke ya iya kama bayan babbar mota. Motocin nan masu bodin katako, in sun yi lodi ba sa sauri, sai ka bi bayansu ka kama ƙarfe ka naɗe ƙafa, su ja ka mil goma kana fito. Ni ma na sha yi in na kwaso fatu. Baba ya tsani abin nan kamar me. Ya ce mai kama mota da jaki a bayan amalanke duk ɗaya suke.

A nan na san aminin nawa. Tela ne a unguwar Dogo Nini, iyayensa daga Kano suka zo, sa'ana ne, dogo siriri, ga baki. Ƙafarsa ta saba da taka keken ɗinki tun yana ƙarami, saboda haka in ya hau hanya ƙafar nan juyawa take kamar ba ƙashi a ciki. Kowa ya san shi ne zai karɓi tuntu na huɗu, shi ma ya sani, kuma yana faɗa. Ranar farko da ya ji warin rigata ya toshe hanci ya ce, "Baba, wannan a gaba za mu sa shi ko a baya? In a gaba ne ni na fasa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin wata biyu mun zama ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. A kwano ɗaya muke cin abinci. Ranar sunan ɗana na fari shi ya ɗinka rigar jaririn.

Horon Baba kuwa, sai wanda ya sha. Kullum bayan asuba mu je Mamudo mu dawo kafin a buɗe kasuwa. Ran Lahadi a yi doguwa, da farko Damagum, daga baya har Damaturu mu juyo. Yakan ɗaura mana buhun yashi a kariya, ya ce ranar da aka sauke shi za mu ji kamar an ba mu fukafukai. Wani lokaci ya ɗan matse birkin baya ba tare da ya faɗa maka ba, ka yi ta fama kana zargin ƙafarka, sai ka dawo ka tarar da shi yana dariya har da hawaye. Ran Laraba ba ma hawa kwalta, ta wajen Ngojin muke bi, hanyar shanu, yashi har ya binne taya. Duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa shi zai wanke kekunan sauran.

Akwai wani Bafulatani a cikinmu mai dillancin shanu, da wani Babarbare mai sayar da kanwa. Waɗannan biyun ba sa yin mil ɗaya ba su taɓa juna ba. In Babarbaren ya faɗi a yashi, wancan zai tsaya a kansa ya ce, "Tashi, bawana, wa ya ba ka izinin kwanciya ubangidanka yana tsaye?" Shi kuma ya ce, "Kai da aka haifa a bayan saniya, me ka sani a keke? Jiya na ga kana yi masa kirari yana ƙin tafiya." Ran nan wata saniya mai jego ta biyo mu a wajen Mamudo, duk muka watse, amma Bafulatanin ta zaɓa, ta bi shi har cikin gonar wake. Shekara guda Babarbaren yana ba da labarin nan, kullum da ƙari.

Ranar da na fara zuwa Damaturu na dawo, kwana uku ban zauna ba. A tsaye na ci tuwo. Zaman tahiya ma a karkace nake yi. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Wai biyanku ake yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To aikenku aka yi?" Na ce a'a, Inna. Ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da tankaɗenta. Baba ne ya koya mini maganin abin: a shafa man shanu a cinya kafin a hau, a ɗaura fatar tunkiya mai gashi a sirdi. Fatar kuwa ni na kawo wa kowa, ran nan ba wanda ya yi maganar wari.

Ya koya mana shan ruwa. Kurɓar farko ba a haɗiyewa, a kurkure baki a zubar. A jiƙa 'yar jar kanwa a ciki saboda ɗaurewar jijiya. Abinci a hanya dabino ne da ƙuli-ƙuli da fura mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a cika ciki. Ya koya mana tare wa juna iska. Mutum ɗaya a gaba, ɗayan ya manne a bayansa har taya ta kusa taɓa taya, in an zo farin dutsen mil na gaba ya kauce na baya ya karɓa. Ni da telan mun iya wannan har ba ma magana. In ya ɗan sunkuyar da kafaɗa na san ya gaji, in na kaɗa ƙararrawa sau ɗaya ya san rami ne a gaba. Wallahi akwai safiyar da muke dawowa daga Damagum, gero ya yi kai a dama da hagu, iska tana bayanmu, kekunan nan biyu suna ƙara ɗaya, na ji a raina ko Sarki bai fi ni ba.

Shi ya ɗinka mana wandon tafiya, matsattse, ya sauko ƙasa da gwiwa kaɗan don a iya salla da shi. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai ga magidanta sun koma 'yan makaranta. Muka cire madigadi, muka cire murfin sarƙa, muka cire jakin tsayar da keke, duk don a rage nauyi. Telan ya so ya cire ƙararrawa ma, Baba ya buge masa hannu da sifana ya ce keken da ba ƙararrawa ba keke ba ce.

Damina biyu muka yi muna wannan. A ƙarshen ta biyu, bayan an gama yaƙin basasa, ana tuƙi a hannun hagu tukuna, Baba ya fara duban sama. Ba a zuwa Yerwa da rani, iskar gabas za ta tsaya maka a ƙirji tun daga Mamudo. Ana jiran ƙarshen damina, ruwa ya ja baya amma iskar yamma ba ta juya ba. Kwana huɗu yana duban hayaƙin masu ƙosai, ran na biyar ya ce, "Gobe."

Muka raba kaya yadda aka saba. Ni na ɗauki famfo da sholisho da robar faci da sifana da dabino. Shi ya ɗauki salkar ruwa, wadda ni da kaina na zaɓi fatarta aka ɗinka. Ku riƙe wannan, a kekensa ruwan yake.

Mun fita ana sallame asuba, sauran suka raka mu har bakin gari suna kaɗa ƙararrawa. Buhun yashi babu, iska a baya, Baba bai yi ƙarya ba, tashi muke yi. Telan ya shiga waƙa. In layinsa ne a gaba sai ya ƙara wuta, in ce masa, "Mutumina, sassauta, da sauran tafiya." Ya ce, "In ka gaji ka faɗa, mai fata, in ɗaura ka a kariya." Mamudo, Damagum, Ngelzarma, duk muka wuce su kamar a mafarki. Kwaltar a lokacin siririya ce, ta mota ɗaya, in babbar mota ta taho dole ka sauka gefe ka ba ta wuri, amma ran nan motocin ma kaɗan ne. Da hantsi muna Damaturu.

A nan aka fara samun matsala. Surukin telan, wan mahaifin matarsa, a Damaturu yake, kuma labari ya riga mu isa. Muna tsayawa cika salka sai ga dattijon da kansa a bakin hanya, ya sa an shimfiɗa tabarma, an kawo burabusko da miya da naman kaza, akushi guda. Ni na ce cikina ba daɗi, na sha ruwa na koma gefe. Shi kuwa ina zai ce? Surukinka ya yanka maka kaza, ya tsaya a kanka yana cewa "Ci mana, ɗana, ƙara," ba ka da bakin ƙi. Ina kallonsa yana kai loma yana satar kallona. Wannan ban taɓa ganin laifinsa a kai ba, ko ni ne haka zan yi.

Daga Damaturu waƙa ta ƙare. Kafin Kukareta ya fara jinkirin karɓar gaba, sai na riƙa yin mil biyu yana yin ɗaya, daga baya na daina kaucewa gaba ɗaya. A Ngamdu muka haɗa azahar da la'asar. Da ya yi ruku'u na ga cinyarsa tana rawa. Mun bar garin da kamar mil uku sai na ji ƙara a bayana. Na waiwaya, ga shi a ƙasa, ƙafafu biyu sun sanƙare, yana ta salati. Na ja shi gindin wata aduwa, na murza, na ba shi ruwan kanwa, ya amayar da kazar surukinsa duka. Ya gwada tashi sau biyu, ƙafa ta ƙi.

"Tafi," in ji shi.

Na ce ba na barinsa a daji.

"Kai, tafi mana! Mota za ta zo in hau. In mun zauna mu biyu duk mun yi asara. Ka je ka karɓo mana, ni ne shaidarka."

Haka ya faɗa, ni ne shaidarka. Na dubi rana, na hau, na tafi. Saurin da nake yi da tausayinsa da ke raina suka sa ban tuna da salka ba. Sai da na yi mil biyar ko shida, maƙogwarona ya bushe, na kai hannu baya, sannan na tuna a kekensa take. Komawa ba zai yiwu ba. Tsakanin nan da Benisheik kuwa ba rijiya a bakin hanya da na sani. Rana ta tsaya a ƙeyata. Na sa dabino a baki ya ƙi narkewa, ya zama kamar tsumma. Harshena ya yi kauri, farin dutsen mil ya fara zama biyu a idona.

Ina cikin haka sai na ji kukan babbar mota a baya, tana tafe a hankali, ta yi lodin goro har sama, mutane a kan kaya. Na sauka gefen kwalta in ba ta hanya. Sai na ji ana kwaɗa mini kira daga sama.

"Mai fata! Mai fata! Ga ruwanka!"

Shi ne, a kan huhunan goro, kekensa a ɗaure a gefe. Ya buga wa direba rufi, direban ya rage gudu amma bai tsaya ba, don in irin motar nan ta tsaya da lodi sai an tura. Telan ya kwanta rubda ciki, wani ya riƙe masa ƙafa, ya zuro salkar da igiyarta ta gefen bodi. Na matso na miƙa hannun dama. Bakin kwaltar a wurin ya gutsure, tayar gaba ta faɗa, keken ya karkata zai kai ni ƙarƙashin tayar mota. Sai na dafa katakon bodin na tura kaina waje. Numfashi ɗaya, in an yi yawa biyu. Na cafke igiyar, motar ta wuce, mutanen sama suna ihu suna tafi, wata tsohuwa har da guɗa. Shi ma yana dariya yana ɗaga mini hannu.

Ruwan nan ya yi zafi, yana warin fata da kanwa, amma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Na kurkure na zubar yadda aka koya mini, sannan na sha. Daga nan ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙafa ta dawo. Benisheik na sayi fura na sha a tsaye. Mainok, Jakana, ni kaɗai, ba mai tare mini iska, ina ƙirga duwatsu ina yi wa kaina surutu kamar taɓaɓɓe. Na yi magariba a Auno, da na ɗaga goshi daga ƙasa sai da na yi da gaske na miƙe. Na shiga Yerwa fitilu sun fara kamawa, na sami rumfar ƙanen Baba yana haɗa kayansa zai rufe. Ya dube ni, ya dubi keken, ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, wushe! Daga Potiskum?" Na gyaɗa kai. Yana cikin rubuta takardar aka kira isha'i. Telan yana wurin a zaune a kan benci, ya riga ni da mota. Ya tashi da ɗingishi ya rungume ni.

Washegari muka hau mota muka dawo, kekuna a sama. A hanya bai yi magana sosai ba, na ɗauka gajiya ce.

Da la'asar aka taru a rumfar Baba, har da waɗanda ba 'yan keke ba, har da biyu daga cikin masu tuntu. Na miƙa takarda, aka karanta. Baba ya shiga ya fito da tuntun a hannunsa, sabo, ja wur. Saura tambaya ɗaya, wadda ake yi wa kowane shaida, kuma kowa ya san amsarta tun kafin a yi. Kafin Baba ya buɗe baki sai Babarbaren nan ya ce da telan, cikin wasa, "Kai kuma mai baki, an ce kaza ce ta kayar da kai? Mai fata ya kai, mai waƙa ya hau goro!" Wuri ya fashe da dariya. Na ga fuskar telan ta canja.

Baba ya ce, "To, shaida. Hannunsa ya taɓa mota?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ya taɓa."

Dariya ta tsaya. Baba ya ce, "A ina?"

"Tsakanin Ngamdu da Benisheik."

Na ce, "Gaya musu dalili mana! Gaya musu salkar da ka miƙo mini!"

Ya ce, "An tambaye ni abin da na gani, na faɗa."

Baba ya dube shi ya ce, "Ya jima yana riƙe da ita?"

Wannan ita ce ƙofar da tsohon ya buɗe masa. Kalma ɗaya ta isa, a'a. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni dai ban auna ba, Baba."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na nuna yadda keken ya karkata har na kusa faɗuwa a gabansu. Baba ya ce shi a ransa ya yarda da ni, amma doka ba ta san ransa ba, maganar shaida ita ce magana, in ya karya ta yau saboda ni gobe tuntun ya zama tsumma. Ya mayar da shi aljihu. Kafin magariba labari ya kai kasuwar shanu cewa mota ce ta ja ni daga Ngamdu har Benisheik. Kafin sati ya zagayo an ce har Auno.

Na so in sake. Damina ta gaba na nemi abokin tafiya, kowa ya kawo uzuri, don ba mai son a ce shi ne shaidar Kama-mota. Ta bayanta Bafulatanin ya ce zai bi ni, sai aka yi fari, shanu suka yi ta mutuwa, fatu suka yi yawa har ba mu da lokacin barci, shi kuma ya bi sauran dabbobin danginsa kudu. Daga nan babura suka cika gari, samari suka daina sha'awar keke, motoci suka yi yawa a hanyar Yerwa. Baba ya rasu. Ɗansa ya ci gaba da faci a rumfar, tsofaffin 'yan keke suna zama a bencin da la'asar har yanzu. Ni ban sake zama a kai ba. Telan kuwa, in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, mu yi musabaha kowa ya dubi wani wuri.

Shekara bakwai bayan tafiyar, ina rumfata ina shanya fatu da hantsi, sai ga shi a kan sabon babur, ya yi ƙiba, shagonsa ya zama na keken ɗinki shida. Ya yi sallama na amsa. Ya ce bana zai sauke farali, jibi za su tashi, yana zagaya mutane ne yana neman gafara kamar yadda ake yi. Ya tsuguna a bakin rumfar, bai toshe hanci ba.

"Mutumina," in ji shi, "mun daɗe tare. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na ajiye fatar da ke hannuna, na goge hannu a riga, na matso har ina jin ƙamshin turarensa.

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yafe, duniya da lahira. Wanda ka sani kuwa, ba a nan ka yi shi ba, ba kuma a tsugune ka yi shi da ƙaramar murya ba. A tsaye ka yi shi, a gaban mutum talatin. Mutanen nan yawancinsu suna da rai, yau da la'asar za ka same su a Dogo Tebo. Ka je ka tsaya a gabansu ka ƙarasa maganar da ka fara. Ka ce ruwa ka miƙo mini, ka ce numfashi biyu ne, ka ce kunya ce ta kama ka. In ka faɗa, ka dawo nan, ni da kaina zan ɗauki jakarka in raka ka tasha. In ba za ka iya ba, hau babur ɗinka, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, amma ka tafi da saninka cewa da kayana ka tafi."